Wane Littafin "Fuluwid" Zan Saya? Amsar da Na Bai wa Wata Ƙanwa a Guangzhou

A makon farko na watan Satumba, lokacin da ɗalibai ke dawowa tsibirin Xiaoguwei, inda aka tara jami'o'i wuri guda a kudancin birnin Guangzhou, wata yarinya 'yar Katsina da ta shiga aji biyu a fannin injiniya ta turo mini saƙon murya ta WeChat. Ta ce, "Yaya, malaminmu na fuluwid ya rubuta mana sunayen littattafai huɗu, a gurup kuma an turo wasu shida. Kuɗina na guda ɗaya ne. Wanne zan saya?"

Fuluwid shi ne sunan da ɗaliban injiniya a gida suka yanke wa darasin da ke nazarin yadda ruwa, iska, mai da duk wani abu mai kwarara ke motsi, da irin ƙarfin da yake yi wa abin da ya taɓa. A nan ƙasar Sin sunansa liuti lixue. Duk mai karatun injiniyan gine-gine, na injina, na sinadarai ko na aikin gona sai ya bi ta cikinsa, kuma yana cikin darussan da suka fi kayar da mutane. Na saurari saƙon nata sau biyu, na fara rubuta sunan littafi ɗaya, sai na goge. Na ce mata ta zo ɗakina ranar Asabar da takardar tsarin darasin da malamin ya raba, domin amsar tana cikin takardar fiye da yadda take cikin kaina.

Dalilin da ya hana ni ba ta amsa nan take wani abu ne da ya same ni a zangona na farko a digiri na biyu, wanda har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

An ba mu gwaji mai sauƙi: a tura ruwa cikin bututu, a auna yadda matsinsa ke raguwa tsakanin wurare biyu, sannan a kwatanta da abin da lissafi ya bayar. Ruwa idan yana tafiya cikin bututu yana gogar bango, gugar nan tana cin ƙarfinsa, kuma akwai ƙa'idar lissafa wannan asara da ake jingina wa Julius Weisbach da Henry Darcy tun tsakiyar ƙarni na 19. Na san ta tun ina aji uku a gida, na haddace ta kamar karatun allo. Na zauna na lissafa, sai amsata ta ninka abin da muka auna sau huɗu cif. Na sake, haka. Kwana uku ina zargin na'urar awo, har na fara rubuta a rahotona cewa akwai iska a cikin bututun. A rana ta huɗu wani ɗan Sin da ya girme ni a ɗakin gwajin, wanda muke kira shixiong, wato yaya a wajen karatu, ya leƙa takardata, ya ɗora yatsa a kan layi na biyu ya ce, "Wannan 4 ɗin daga ina?"

Daga Indiya take. Littafin da na yi digirin farko da shi, kamar dubban ɗalibai a Najeriya, shi ne na R. K. Bansal, A Textbook of Fluid Mechanics and Hydraulic Machines. A cikinsa ana rubuta asarar haka: h = 4fLV²/2gd, kuma idan ruwa na tafiya a natse, f ɗinsa 16 ne a raba da lambar Reynolds. Haka tsofaffin littattafan Ingila da dama suke yi. Amma jadawalin da aka manna a bangon ɗakin gwajinmu na Lewis Moody ne, wanda ya fitar a 1944, kuma f ɗin da ke cikinsa wani ne daban: ya riga ya haɗiye 4 ɗin, shi ya sa a natse yake zama 64 a raba da lambar Reynolds. Na farkon ana kiransa na Fanning, na biyun na Darcy. Harafi ɗaya, ma'ana biyu. Ni kuwa na ɗebo lamba daga jadawalin Amurka na zuba ta cikin ƙa'idar Indiya. Da na buɗe littafin Sinanci na shixiong ɗin, sai na ga su ba ma f suke rubutawa ba, harafin Girkanci lamda suke sa wa, kuma daidai yake da na Darcy.

Wannan ne abin da ba a cika gaya wa ɗalibinmu da ya fito waje ba. Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan zaɓen littafi an yi su ne don wanda ya tashi cikin tsari ɗaya, ya yi jarrabawa cikinsa, zai kuma yi aiki cikinsa. Mu kuwa a nan tsari uku ne suka haɗu a kanmu. Daga gida mun zo da na Ingila da Indiya. A aji, idan da Turanci ake koyarwa, galibi littafin Amurka ne a gaban malami. A ɗakin gwaji da takardun tsofaffin jarrabawa kuwa sai ka tarar da tsarin Sin, wanda ya ɗauki abubuwa da yawa daga Tarayyar Sobiyet tun sake fasalin jami'o'in ƙasar da aka yi a 1952. Shi ya sa littattafan Sin suke daɗewa a kan gwajin Johann Nikuradse na 1933, Bajamushen da ya manna ƙwayoyin yashi a cikin bututu don ya auna tasirin kaushin bango, suna rarraba sakamakonsa yanki-yanki, alhali littafin Amurka zai ambace shi a gurguje ya miƙa maka jadawalin Moody. A littattafan Sin na aikin ruwan sha ma za ka ci karo da ƙa'idar Shevelev, wadda ban taɓa jin sunanta a gida ba.

Ko iyakar da ke raba kwarara a natse da kwarara mai hargitsi ba su daidaita a kanta ba. Osborne Reynolds ya nuna bambancin a Manchester a 1883, da ya zuba zaren ruwa mai launi cikin bututun gilashi ya ga inda yake miƙewa sumul da inda yake tarwatsewa. Amma a wace lamba natsuwar ke ƙarewa? Bansal ya ce 2000, Munson ya ce wajen 2100, White da Çengel suka ce 2300, littattafan Sin da dama kuma 2320 ko 2000. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, domin abin ya danganta da yadda ruwan ya shigo da kuma girgizar wurin. Sai dai mai duba takardar jarrabawa lamba ɗaya ce a gabansa.

Da yarinyar ta zo ranar Asabar, na dafa mana taliya da manja da yaji, sannan muka baje takardar malaminta. Na ce ta nemo abu uku: wane littafi ya sa a farko, daga wane bugu yake ɗebo lambobin aikin gida, da kuma wane harafi yake rubutawa a allo idan ya zo maganar bututu. Wannan ya rage littattafai goma zuwa biyu cikin minti biyar. Sauran hirar kuwa a kan halayen littattafan ne, domin kowanne da halinsa kamar mutane.

Na Yunus Çengel da John Cimbala, Fluid Mechanics: Fundamentals and Applications, wanda ya fara fitowa a 2006, shi nake miƙa wa duk wanda ya ce mini darasin na ba shi tsoro. Littafi ne mai yawan magana. Kafin ya kawo lissafi sai ya zana hoto, ya yi bayani, ya sake yin bayanin ta wata hanya, kuma kowane misali yana fara shi da jera abubuwan da aka ƙaddara kafin a taɓa lamba. Wanda Turancinsa bai gama zama ba, ko wanda ba ya gane Turancin malaminsa sosai, abin da ke faruwa da yawancinmu a watannin farko, zai iya zama da shi a ɗaki ya koyar da kansa. Aibinsa nauyi, a jaka da kuma a lokaci. Idan saura mako biyu jarrabawa ba shi ne abokin tafiya ba.

Na Bruce Munson da Donald Young da Theodore Okiishi, malaman jami'ar jihar Iowa, Fundamentals of Fluid Mechanics, ya fito tun 1990 kuma kusan hanya ɗaya suke bi da na Çengel, sai dai ya fi tsuke baki. Yana kawo ƙa'idar Bernoulli da wuri, a babi na uku, ta yadda ɗalibi zai fara warware tambayoyi masu ma'ana tun kafin lissafi mai zurfi ya iso. Wanda ya samu ɗaya daga cikin biyun nan ba ya buƙatar ɗayan.

Na Frank White, na jami'ar Rhode Island, wanda bugunsa na farko ya fito a 1979, shi ne nake so a raina, kuma shi ne ba na saurin ba mai farawa. White yana rubutu kamar malamin da ya yarda kana da ƙoƙari: layi uku na lissafi zai tsallake ya bar ka ka cike da kanka. Tambayoyinsa na ƙarshen babi suna da yawa, wasunsu kuma sai ka kwana a kansu. Idan kalkulas ɗinka na da ƙarfi, babu littafin da zai gyara maka tunani kamarsa. Idan kuwa da ƙyar ka haye lissafin aji ɗaya, babi na huɗu zai sa ka tsani darasin gaba ɗaya, kuma ba laifin darasin ba ne. Na Fox da McDonald, wanda ya girme su duka don tun 1973 yake, yana kusa da White a tsauri, kuma ya fi kowa nacewa a kan bin matakai iri ɗaya wajen warware kowace tambaya.

Bansal fa? Ban jefar da nawa ba, yana nan a kan shiryayye da tambarin mai fotokwafin da ya ɗaure mini shi. Wajen yawan misalan da aka warware daki-daki, da bayanin injinan tura ruwa da na samar da lantarki daga madatsa, har yanzu ina komawa gare shi. Matsalata da shi, ko in ce da yadda muka yi amfani da shi, ita ce yana sa mutum ya iya amsa tambaya ba tare da ya san abin da ya amsa ba. Ka ga tambaya, ka tuno mai kama da ita, ka sauya lambobi. Da haka na ci jarrabawa da maki mai kyau, da haka kuma na kasa gane cewa 4 ɗin nan tana da tarihi. Wanda zai koma gida ya yi aiki ko ya koyar yana buƙatar sanin yaren Bansal, domin da shi abokan aikinsa da yawa za su yi masa magana. Amma kada ya zama shi kaɗai.

Akwai tarko guda da na ga ya kama mutum biyu a nan. A cikin jerin da aka turo wa yarinyar a gurup har da littafin G. K. Batchelor na 1967, An Introduction to Fluid Dynamics. Kalmar gabatarwa da ke cikin sunansa ita ke yaudarar mutane. Batchelor malamin lissafi ne a Cambridge, kuma ya rubuta shi ne don masu lissafi. Babban littafi ne da masana ke girmamawa, amma ɗan aji biyu da ya fara da shi kamar wanda aka ce ya koyi iyo a tsakiyar kogin Kwara ne. Haka na Kundu da Cohen, da na Landau da Lifshitz, da na Wu Wangyi na jami'ar Peking a ɓangaren Sinanci. Su jira digiri na biyu.

Shawarar da ta fi ba ta mamaki ita ce da na ce, bayan littafin Turancin, ta sayi ɗan siririn littafin Sinanci ko da darasinta da Turanci ne. Ta ce, "Yaya, ni da ko jarida ba na iya karantawa?" Na ce ba karantawa za ta yi ba, dubawa za ta yi. Littattafai irin Gongcheng Liuti Lixue na Kong Long, ko Shuilixue na Wu Chigong ga masu gine-gine da madatsun ruwa, lissafi ne tsantsa da ɗan bayani, kuma sabo ma ba ya kai yuan 100. Amfaninsu shi ne su nuna maka haruffan da malaminka ya taso da su, waɗanda hannunsa zai koma musu a allo ko da bakinsa na Turanci, da irin tambayoyin da ya saba gani. Kalmomi ashirin zuwa talatin ne za ka koya, irin su Leinuo shu, wato lambar Reynolds, da Bonuli, wato Bernoulli, sai ka ga takardun ɗakin gwaji sun buɗe maka.

Maganar kuɗi kuwa, littafin Amurka sabo da aka shigo da shi ɗaruruwan yuan ne, abin da zai girgiza alawus ɗin wata. Amma kamfanonin ɗab'i na nan, irin su na jami'ar Tsinghua da China Machine Press, sun daɗe suna sake buga littattafan kimiyya na waje da Turancinsu bisa izini, a takarda mai araha; ana kiran irin wannan bugu yingyin ban, kuma da wannan kalmar ake nemansa a Taobao ko JD. Na hannu kuma akwai su a manhajar Xianyu da shafin Kongfuzi, musamman a watan Yuni da masu kammalawa ke neman rabuwa da kaya. Tsohon bugu ba ya cutarwa wajen karatu, ruwa bai sauya hali ba tun 1979. Inda yake cutarwa shi ne lambobin tambayoyi, don haka a ɗauki hoton shafukan aikin gida daga kwafin laburare. A kuma duba cewa bugun na ma'aunin mita da kilogiram ne. Wani ɗan'uwanmu ya sayi na ƙafa da fam saboda arha, ya ƙare zangon yana juya lambobi maimakon koyon darasi.

Abu ɗaya na roƙe ta ta bari, shi ne kundin amsoshi da ke yawo a gurup-gurup. Na san za ta sauke shi, ni ma na sauke a lokacina. Na ce aƙalla ta ba kowace tambaya rabin awa ita kaɗai kafin ta leƙa. Na kuma nuna mata tsofaffin finafinan koyarwa da wani kwamiti ƙarƙashin Ascher Shapiro na MIT ya shirya a shekarun 1960. Yawancinsu baƙi da fari ne, amma a ciki akwai wanda G. I. Taylor ke juya ɗigon launi cikin ruwa mai kauri har ya baje, sannan ya juya baya, ɗigon ya dawo ya haɗe kamar ba a taɓa shi ba. Ta kalla sau uku tana salati.

Wata shida bayan abin da ya same ni a ɗakin gwaji ne na ga inda wannan harafi ke taɓa aljihun mutum. Wani abokin mahaifina, mai gona a yankin Kadawa ta jihar Kano, ya zo baje kolin Canton da ake yi a Pazhou duk Afrilu da Oktoba. Ya sauka a Xiaobei kamar yadda mutanenmu suka saba, ya kira ni ya ce, "Injiniya, zo ki duba mini wani inji kafin in biya." Injin ban-ruwa yake so don noman rani. Zai ɗaga ruwa sama kamar mita 12, ya tura shi nisan mita 200 cikin bututu mai inci biyu, yana son lita dubu goma a awa. Mai sayarwa ya nuna masa wani da aka rubuta wa yangcheng, wato tsayin da yake iya tura ruwa, mita 16. Alhaji ya ce ai 16 ta fi 12, magana ta ƙare.

Na ce, "Baba, a ba ni minti goma." A bayan katin mai shagon na yi lissafin. Lita dubu goma a awa cikin bututu mai faɗin milimita 50 na nufin ruwan na gudun kusan mita 1.4 a daƙiƙa. Lambar Reynolds ta kai wajen 70,000, wato kwarara mai hargitsi, kuma a bututun roba mai santsi f na Darcy kusan 0.02 ne. Asarar guga ta fito mita 8 da ɗoriya. Ke nan injin na buƙatar ya iya mita 20, ba 12 ba, tun ma ba a sa asarar gwiwoyi da bawul ba. Ƙari a kan haka, babbar lambar da ake bugawa a jikin inji galibi ita ce iyakar tsayin da yake kaiwa lokacin da ruwa ya daina fita. Yawan ruwan da aka rubuta kusa da ita, liuliang, ba a wannan tsayin ake samunsa ba. Sai an nemi zanen da ke nuna yadda ɗaya ke raguwa idan ɗaya ya ƙaru. Da Alhaji ya sayi na mita 16, da ya kai shi har Kadawa ya tarar ruwa na fita kamar na bakin buta.

Ina cikin lissafin ne na tuna da ni ta wata shida baya. Da ita ce, da ta ninka asarar sau huɗu ta ce mita 33, ta sa dattijo ya sayi ƙaton injin da zai riƙa shan mai a banza duk rani. Da kuma ta yi kuskuren ta ɗaya gefen, ta sa f na Fanning a ƙa'idar Darcy, da ta ce mita 2 ne kacal, ta sa masa hannu a kan injin da ba zai yi aikin ba.

Na sake lissafawa da bututu mai inci uku, asarar ta sauko zuwa mita ɗaya da 'yan kai, domin guga na raguwa da sauri ƙwarai idan bututu ya ƙara faɗi. Na nuna masa lambobin biyu. Ya daɗe yana kallon katin, ya tambayi mai shagon kuɗin bututun inci uku ta bakin tafinta, ya yi nasa lissafin na 'yan kasuwa a waya, wanda ya fi nawa sauri. A ƙarshe bututun ya sauya, ya kuma ɗauki injin da ya ɗara na farkon kaɗan.

Ita kuwa 'yar Katsina, malaminta Munson ya sa a farko, kuma lamda yake rubutawa a allo. Ta samu na hannu a Xianyu wajen wani ɗalibi da ya kammala, bugu ɗaya baya da na malamin, ta haɗa da na Kong Long. A makon jiya ta turo mini hoton shafin farko na babi na takwas, babin bututu. A samansa ta rubuta da jan biro: f na nan shi ne lamda, kada a sa 4. Ƙarƙashin hoton kuma ta tambaya ko zan ara mata White idan an yi hutun sanyi.